Ƙofa Mai Hanya Ɗaya: Aisoleta da Matsalar Hasken Gaban-Kai a Amfilifayar Leza

Saƙon da ya tashi daga wayar hannu a Kano zuwa wata kwamfuta a Turai ba ya nisa kafin a mayar da shi haske, a zura shi cikin zaren gilashi, ya gangara Legas, ya shiga ƙarƙashin teku. Gilashin nan tatacce ne ƙwarai, amma duk da haka yana shan hasken kaɗan kaɗan. Bayan tafiyar kilomita 100, kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne ke saura. Dole ke nan a riƙa ƙara wa hasken ƙarfi a kan hanya, kuma na'urar da ke wannan aiki tana da wani hali da ba a iya raba ta da shi: ban da ƙarfafa hasken da aka ba ta, tana kuma haifar da nata hasken da babu wanda ya nema.

A tallan masu sayar da kayan aikin haske, da kuma a bakin ɗalibai da sababbin ma'aikata, an saba jin cewa maganin wannan haske shi ne a saka aisoleta. Maganar tana da gaskiya, amma rabinta ce. Aisoleta tana tare hanya guda ɗaya daga cikin hanyoyin da wannan haske ke ɓarna, sauran kuwa ba ta ma san da su ba. Wanda bai rarrabe ba zai kashe kuɗi a kan na'ura mai tsada, ya dawo ya tarar da matsalarsa tana nan inda ya bar ta.

Ma'anar kalmomi

Leza na'ura ce da ke fitar da haske mai launi ɗaya, wanda ke tafiya a miƙe, igiyoyinsa na kaɗawa tare. Amfilifaya, kamar yadda aka san ta a kayan sauti, na'urar ƙara ƙarfi ce, amma a nan haske take ƙarfafawa kai tsaye ba tare da an mayar da shi lantarki ba. Foton shi ne ƙwayar haske mafi ƙanƙanta. Tsawon zango, wanda masu sauraron rediyo suka saba ji, shi ne tazarar da ke tsakanin kan wata igiya da mai bi mata, kuma a haske ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Desibel ma'aunin ninki ne: desibel 3 ninki biyu, 10 ninki goma, 20 ninki ɗari, 30 ninki dubu.

Atom, wato ƙwayar zarra, idan aka cika shi da makamashi yana da hanya biyu ta sauke kayansa. Ko dai wani foton ya gifta ya tunzura shi, sai ya saki foton na biyu mai kama da na farko a launi da alkibla da kaɗawa, wannan ita ce fitar tunzuri, kuma a kanta leza da amfilifaya suka dogara. Ko kuma ya jira babu wanda ya zo, sai ya yi gaban kansa ya saki foton ɗin a lokacin da ba a sani ba, ta fuskar da ba a zaɓa ba. Wannan shi za mu kira hasken gaban-kai. Idan irin wannan foton ya dace da bin tsawon amfilifaya, shi ma zai tunzura atom ɗin da ya tarar, ya yi ta ninkuwa. Hasken gaban-kai da ya ƙarfafa ta wannan hanya shi ne injiniyoyi ke taƙaitawa da haruffa uku, ASE.

Aisoleta kuwa ƙofa ce ta haske mai hanya ɗaya. Abin da ya zo ta gaba ya wuce, abin da ya juyo ta baya a tare shi.

Asalin matsalar

A 1917 Albert Einstein ya wallafa bayanin da ya nuna cewa fitar tunzuri da fitar gaban-kai ɗaure suke da juna da wani ƙayyadajjen lissafi. Duk abin da zai iya ƙarfafa haske, to lalle zai fitar da hasken gaban-kai. Ba rashin ingancin gilashi ba ne, ba kuma sakacin masana'anta ba. Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Kalifoniya a watan Mayun 1960, kuma ita kanta daga hasken gaban-kai take tashi: shi ne ke fara kai da komowa tsakanin madubai biyu har ya zama hasken leza. A cikin leza ana bukatarsa don tayar da aiki. A cikin amfilifaya, inda ake son abin da ya shiga shi kaɗai ya fito, nan ne ya zama damuwa.

Amfilifayar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce ta zaren gilashi mai ɗauke da sinadarin erbiyum, wadda ƙungiyar David Payne a Jami'ar Southampton ta Ingila da ta Emmanuel Desurvire a Bell Labs ta Amurka suka fito da ita a 1987. Zare ne mai tsawon wasu mitoci, a naɗe cikin akwati. Ana haska shi da wata ƙaramar leza mai zangon nanomita 980 ko 1,480, wadda ake kira hasken famfo domin aikinta shi ne tura atom ɗin erbiyum sama. Daga nan sai su ƙarfafa duk hasken da ke tsakanin nanomita 1,530 da 1,565. Atom ɗin erbiyum yana iya zama a sama kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wanda a wannan fage dogon lokaci ne, amma in saƙo bai zo ya tunzura shi ba, daga ƙarshe zai saki hasken da kansa.

Idan aka haɗa bakin amfilifayar da na'urar da ke baje haske bisa zangonsa, abin yana fitowa ƙarara a allo. Saƙon zai tsaya kamar siririn layi mai tsini, a ƙarƙashinsa kuma ga wani faffaɗan tudu da ya mamaye zangon gaba ɗaya, da ɗan ƙusumbi wajen nanomita 1,530. Tudun nan shi ne ASE. A kashe saƙon, sai tudun ya ƙara tashi, domin makamashin da saƙon yake kwashewa yanzu ya zama nasa.

Masana sun kuma tabbatar da cewa akwai iyakar da ba a iya sauka ƙasa da ita. Amfilifaya irin wannan mai ƙarfafawa sosai, ko da babu aibi ko ɗaya a ƙirarta, sai ta rage tsabtar saƙo da aƙalla desibel 3, wato rabi. Carlton Caves ya shimfiɗa cikakkiyar hujjar a 1982. Waɗanda ake sayarwa a kasuwa yawanci suna tsakanin desibel 4 da 6. Babu aisoletar da za ta sauya wannan iyaka.

Ɓarnar da yake yi

Ta farko ita ce hayaniya. Hasken da ya bi gaba tare da saƙo yana isa wurin na'urar karɓa, ya cuɗanya da saƙon, ya sa wuyar bambance ɗaya da sifili. A doguwar hanya kowace amfilifaya tana ƙara nata a kan na wadda ta gabace ta, har tarin ya kai inda saƙon ba ya karantuwa.

Ta biyu ita ce cin makamashi. Duk atom ɗin da ASE ya sauke, saƙo ya rasa shi.

Ta uku ta fi haɗari, kuma ita ce ainihin dalilin da ya sa aka fi bukatar aisoleta. Kowa ya san ƙugin da lasifika ke yi a wurin wa'azi ko biki idan makirufo ya matso kusa da ita: ƙaramin sauti ya fita, ya koma makirufo, ya sake ƙarfafa, ya yi ta zagaye har ya zama ƙara mai huda kunne. Haka amfilifayar haske take yi idan wani abu yana mayar mata da haskenta. Kuma ba a bukatar madubi. Bakin zaren gilashi da aka yanke a miƙe, inda gilashi ya haɗu da iska, yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya iso shi.

A ɗauki amfilifaya mai ninka haske sau 1,000, da irin wannan baki a kowane gefe. Foton ɗin gaban-kai ya bi gaba ya ninku sau dubu, kashi 4 cikin ɗari ya dawo, ya sake ninkuwa sau dubu, kashi 4 cikin ɗari ya sake juyawa. A zagaye ɗaya hasken ya ƙaru sau 1,600. Duk lokacin da wannan adadi ya wuce ɗaya, amfilifayar ta daina zama amfilifaya, ta koma leza mai cin gashin kanta, a zangon da ta ga dama. A manyan amfilifayoyin zare masu sinadarin itarbiyum, irin waɗanda ake yankan ƙarfe da su, wannan yakan zo a matsayin bugun haske mai tsanani na ɗan ƙiftawa, wanda kan fasa bakin zaren ko ya koma baya ya ƙone ƙaramar lezar da ke ba da iri, wato hasken farko da za a ƙarfafa. Shi ya sa ake haɗa su da na'urar da ke yanke famfo nan take da zarar hasken iri ya ɗauke.

Yadda ƙofar ke aiki

A ƙa'ida, duk hanyar da haske ya bi ya je, zai iya binta ya dawo. Madubi, tabarau, matata, dukkansu ba su san gaba da baya ba. Kafin a sami ƙofa mai hanya ɗaya sai an sami abin da ya karya wannan ƙa'ida, kuma Michael Faraday ne ya gano shi a Landan a 1845.

Igiyar haske tana kaɗawa ne ta wata fuska, ko sama da ƙasa, ko dama da hagu, ko a karkace. Faraday ya wuce da haske ta cikin wani gilashi mai nauyi mai ɗauke da dalma, ya sa shi cikin ƙarfin maganaɗisu, sai ya ga fuskar kaɗawar ta juya. Akwai abubuwa da yawa da ke juya fuskar haske, ruwan sukari ma yana yi, amma idan hasken ya dawo ta cikinsu juyin yakan warware. Na Faraday ba ya warwarewa, saboda maganaɗisun ne ke yanke wajen da za a juya, ba alkiblar tafiyar hasken ba. Idan hasken ya dawo, juyin ƙaruwa yake yi.

Daga nan ƙirar ta fito. A sa matatar da ke barin fuska guda ta wuce, a bi ta da majuyin Faraday mai juya digiri 45, sannan matata ta biyu da aka karkata digiri 45. Hasken gaba ya wuce ta farko, ya juya, ya dace da ta biyu, ya fita. Na baya ya shigo ta ta biyu, ya ƙara juyawa digiri 45, ya iso ta farko yana kan digiri 90, a gicciye da ita, sai ta hana shi. Ba ɓacewa yake yi ba: ana karkatar da shi gefe ko a shanye shi ya zama zafi. A layukan sadarwa, inda fuskar hasken ke sauyawa a kan hanya, ana amfani da wasu ƙananan duwatsun ƙarau masu raba hasken gida biyu, su sake haɗa na gaba a bakin zare, su watsar da na baya ya kuskure bakin.

Aisoletar sadarwa ɗan bututun ƙarfe ne mai tsawon 'yan santimita, zare na fita ta kowane gefe, an zana kibiya a jikinta don kada a juya ta. A ciki akwai ɗan yankin dutsen ganet mai ƙarfe da bismut. Ta manyan lezoji masu zangon kusan nanomita 1,064 kuwa tana amfani da dutsen da ake kira TGG, mai sinadarin tarbiyum, wanda juyinsa ba shi da yawa, don haka sai an kewaye shi da maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Masu aiki da ita sukan cire agogo, su nisanta sukundireba da ƙusoshi, domin tana iya fizge su daga hannu ta maka su a kan dutsen.

Aisoleta mai hawa ɗaya tana rage hasken baya da desibel 30 zuwa 40, mai hawa biyu takan wuce 50. A koma lissafin ɗazu. Idan aka saka mai desibel 40, wato ragin sau 10,000, adadin 1,600 ya koma 0.16, an tsira. Idan mai desibel 30 ce, adadin ya koma 1.6, kuma amfilifayar za ta ci gaba da ƙugi duk da an saka aisoleta. Don haka tambayar ba ita ce ko an saka ba, tambayar ita ce ko abin da take tarewa ya fi ƙarfin ninkin da ke cikin zagayen.

Abin da ba ta iyawa

Nan ne ruɗanin yake. ASE yana fita ta gefe biyu, gaba da baya. Aisoleta tana tare na baya, tana kuma yanke zagayen da ke jawo ƙugi. Na gaba kuwa, wanda shi ne hayaniyar da na'urar karɓa ke gani, yana ratsa ta lafiya lau tare da saƙo, domin ita alkibla kawai take dubawa, ba ta bambance foton ɗin kirki da na banza.

Rage na gaba sai da wasu dabaru. Matatar zango tana zubar da duk abin da ba ya kusa da launin saƙo, amma wanda ya faɗo daidai kan launin saƙon ya riga ya zama ɗan gida. A lezoji masu bugu ana sa makullin da ke buɗewa na ɗan lokacin da bugun ke wucewa, ya rufe a sauran lokacin. Ana kuma ƙara ƙarfin hasken iri, don ya riga ASE kwashe makamashin. Sannan ana rage abin da ke dawowa tun daga tushe: a yanke bakin zare a karkace digiri 8, yadda hasken da ya yi tsalle zai kauce wa hanya. Masu haɗa zare a layukan sadarwa sun san wannan da launi: mahaɗa mai koren kai a karkace aka goge ta, mai shuɗin kai a miƙe, kuma ba a cusa ɗaya cikin ɗaya.

Babbar dabara ma a tsarin hanya take. Yawan ASE da amfilifaya ke fitarwa yana tafiya ne da yawan ninkinta. A ɗauki hanya mai kilomita 1,000. In aka sa amfilifaya a kowane kilomita 100, ana bukatar guda 10, kowace na ninkawa sau 100, jimlar hayaniyar ta kai awo kusan 1,000. In aka sa a kowane kilomita 50, ana bukatar guda 20, amma kowace sau 10 kawai za ta ninka, jimlar ba ta kai awo 200 ba. Ƙananan amfilifayoyi da yawa sun fi manya kaɗan tsabta, nesa ba kusa ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa igiyoyin ƙarƙashin teku, tun daga TAT-12 da TAT-13 da suka ratsa Atlantika a tsakiyar shekarun 1990 har zuwa irin MainOne mai kimanin kilomita 7,000 da ta haɗa Fotugal da Legas a 2010, ke jera amfilifayoyinsu kusa da kusa duk da tsadar yin hakan.

Akwai kuma batun launi. Juyin Faraday yana sauyawa da tsawon zango da kuma zafi, don haka digiri 45 ɗin nan a zango ɗaya kawai yake cika. Amfilifayar da ta haɗa erbiyum da itarbiyum tana aiki a nanomita 1,550, amma itarbiyum ɗin yana fitar da nasa ASE a wajen 1,030 zuwa 1,060, inda aisoletar da aka ƙera don 1,550 ba ta da tabbas.

Ina ya kamata a sa ta

A kan wannan injiniyoyi sun daɗe suna ja-in-ja, kuma kowane ɓangare na da hujja. Sa aisoleta a ƙofar shiga yana kare abin da ke baya, yana kuma hana ASE na baya ya yi tsalle ya sake shigowa. Sai dai ita ma tana shan wani abu daga hasken gaba. Rabin desibel ya kai kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma asarar da aka yi kafin a fara ƙarfafawa tana hawa kai tsaye kan ma'aunin hayaniya, wato yawan tsabtar da amfilifaya ke rage wa saƙo, domin a nan saƙon ya fi rauni. Asara iri ɗaya bayan an ƙarfafa kusan ba ta da tasiri. Harald Friis ya rubuta wannan ƙa'ida a 1944 don na'urorin rediyo, kuma tana aiki a haske ba tare da sauyi ba.

Mafitar da ta fi burge ni ita ce ta sa ƙofar a tsakiyar amfilifaya, domin ta nuna fahimtar inda ɓarnar take a zahiri. ASE na baya yana tasowa daga ƙarshen zare yana ninkuwa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a daidai bakin shiga. Bakin shiga kuwa shi ne wurin da ake so a ce kusan duk atom ɗin suna sama, saboda tsabtar saƙo a nan ake yanke ta. Ke nan hasken baya yana sauke atom ɗin a wurin da aka fi bukatarsu. Idan aka raba zaren gida biyu, aka sa aisoleta a tsakani, hasken baya na kashi na biyu ba zai kai ga na farko ba. A 1992 Richard Laming da Michael Zervas da David Payne suka ba da rahoton amfilifaya mai irin wannan tsari da ta ninka haske desibel 54, ma'aunin hayaniyarta kuma 3.1, gab da iyakar da ba a wucewa. A nan aisoleta ta rage hayaniyar gaba, amma a kaikaice: ba ta tace komai ba, ta dai hana a ɓata wurin da saƙo ke shiga. Kuɗin da aka biya shi ne ƙarin haɗe-haɗe, domin hasken famfo na nanomita 980 ba ya ratsa ta, sai an yi masa hanyar kewaye.

Wani farashin kuma masu kula da layi ne ke biya. Hanyar gano inda zare ya tsinke ita ce a harba bugun haske a auna ɗan abin da ke dawowa. Aisoleta tana tare wannan ma. Shi ya sa a igiyoyin teku ake yin wata 'yar hanya ta musamman a cikin kowane akwatin amfilifaya, wadda ke tsallakar da kaɗan daga hasken da ya dawo zuwa zaren da ke komawa gida, don a iya gano wurin matsala daga gaɓar teku. Haka kuma amfilifayar da ake so ta ɗauki saƙo ta fuska biyu a zare ɗaya ba ta iya amfani da aisoleta irin ta yau da kullum ko kaɗan.

A manyan lezoji

A ɗakin binciken Lawrence Livermore da ke Kalifoniya akwai lezar NIF mai layukan haske 192, wadda a ranar 5 ga Disamban 2022 ta harba makamashin megajul 2.05 a kan ƙaramin ƙwanso, haɗewar ƙwayoyin zarra ta ba da megajul 3.15. Amfilifayoyinta manyan allunan gilashi ne masu sinadarin niyodimiyum. A irin wannan girma, hasken gaban-kai ba ya bukatar bin layin leza, yana iya ratsa faɗin allon, ya yi tsalle daga gefe zuwa gefe yana cin makamashi. Ƙofar da ke kan layi ba ta ganin wannan. Maganin da aka yi shi ne manna wa gefunan allon wani gilashi mai tagulla da ke shanye hasken da ya iso.

Lezoji masu gajeren bugu suna da tasu damuwar. Tun da Donna Strickland da Gérard Mourou suka fito da dabarar miƙe bugu kafin a ƙarfafa shi a Jami'ar Rochester a 1985, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2018, ƙarfin bugu ya kai inda ko ɗan burbushinsa ma yana ƙona abu. ASE yana riga bugun isowa da 'yan kason biliyan na daƙiƙa, ya lalata fuskar abin da za a harba kafin ainihin bugun ya zo. Masu irin wannan bincike sukan nemi ya kasance ƙasa da ƙololuwar bugun da ninki biliyan goma ko fiye. Tunda gaba yake tafiya, aisoleta ba ta da abin cewa, sai makullan lokaci da wasu na'urori masu barin haske mai ƙarfi ya wuce su tare mai rauni.

Ita kanta aisoletar tana shan wahala idan haske ya yi yawa. Dutsen TGG yana shan kaɗan, tsakiyarsa ya fi gefensa zafi, sai ya fara tattara haske kamar tabarau, ya kuma hargitsa fuskar kaɗawa, tarewar ta ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Efim Khazanov na cibiyar bincike a Nizhny Novgorod ta Rasha ya ba da shawarar raba majuyin gida biyu, a sa dutsen kwatz a tsakani, yadda ɓarnar zafin na farko za ta soke ta na biyu. Irin wannan ƙira ce aka yi amfani da ita a na'urorin LIGO da suka fara jin igiyoyin nauyi na sararin samaniya a Satumban 2015.

Abin da ke tafe

Tarbiyum yana cikin ma'adinai masu wuyar samu waɗanda ƙasar Sin ta fi kowa tacewa, kuma a Afrilun 2025 Sin ta sa shi cikin jerin guda bakwai da sai da lasisi ake fitar da su. Masu ƙera aisoleta ta manyan lezoji ba su da zaɓi mai yawa a madadinsa.

A ɓangaren hayaniya, akwai wani nau'in amfilifaya da ke ƙarfafa hasken da ya zo a wani takamaiman taku na kaɗawa kawai, kuma iyakar desibel 3 ba ta hau kansa ba. Masu bincike a Jami'ar Chalmers ta Suwidin sun nuna mai desibel 1.1 a 2011. Wahalar daidaita ta ce ta hana ta maye gurbin ta erbiyum.

Babban fagen gwagwarmaya yanzu shi ne ƙananan allunan silikon da ake son a gina leza da amfilifaya da hanyoyin haske duk a kansu. Dutsen ganet ba ya zama lafiya a kan silikon, maganaɗisu kuma yana cin wuri. An gabatar da dabaru da dama na yin ƙofa ba tare da maganaɗisu ba, wasu kuwa da aka duba sai aka ga ba ƙofa ba ce, har ta kai wasu masana sun wallafa maƙala a mujallar Nature Photonics a 2013 don fayyace abin da ya cancanci a kira aisoleta da wanda bai cancanta ba. A 2015 ƙungiyar Shanhui Fan ta Jami'ar Stanford ta nuna raunin wani rukuni da aka ɗora wa fata, wato waɗanda ke dogara da ƙarfin hasken kansa wajen buɗewa da rufewa. Suna tare haske mai ƙarfi idan ya zo ta baya shi kaɗai, amma yayin da hasken gaba ke wucewa ƙofar a buɗe take, ɗan rarraunan haske daga baya sai ya shige. Hasken gaban-kai da ke juyowa cikin amfilifaya kuwa irin wannan ne: mai rauni, kuma yana zuwa ne a daidai lokacin da saƙo ke wucewa.